Kotu ko bindiga: masanan da suka ce a kai rigimar ƙasashe gaban alƙali

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Jiya ina koya wa 'yan ajina tarihin taron zaman lafiya da aka yi a birnin Hague na ƙasar Holan a 1899, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, tunda an kafa wurin sasanta ƙasashe tun a lokacin, yaya aka yi yaƙin duniya har biyu suka biyo baya?" Na ba shi amsa, amma na kwana ban gamsu da ita ba. Shi ya sa na kawo maganar nan.

Ga yadda abin ya faro. Lokacin yaƙin basasar Amurka an ƙera wa 'yan tawayen Kudu wani jirgin ruwa mai suna Alabama a Ingila, ya yi ta kamawa da ƙona jiragen kasuwancin Arewa. Da yaƙi ya ƙare Amurka ta ce sai Ingila ta biya diyya, magana ta yi zafi. A ƙarshe suka yarda da alƙalai biyar, daga Amurka, Ingila, Italiya, Suwizalan da Barazil. Suka zauna a Jeniba, a 1872 suka ce Ingila ta biya dala miliyan 15.5 na zinariya. Ingila, wadda a lokacin babu mai ƙarfinta a teku, ta biya.

Wannan ne ya ba wasu masana shari'a ƙwarin gwiwa. A 1873 mutum 11 suka haɗu a birnin Ghent na Beljiyam suka kafa Cibiyar Dokar Ƙasa da Ƙasa. Cikinsu akwai Gustave Rolin-Jaequemyns na Beljiyam, Gustave Moynier na Suwizalan, da Tobias Asser na Holan. Cibiyar ta samu lambar Nobel ta zaman lafiya a 1904, Louis Renault na Faransa ya samu a 1907, Asser kuma a 1911. Asser da Renault, da wani masanin Rasha, Fyodor Martens, suna cikin waɗanda suka yi ɗawainiyar rubuta yarjejeniyoyin Hague.

Ni ra'ayina, mutanen nan sun cancanci a san su kamar yadda muka san janar-janar. To amma me zan ce wa yaron nan?

Nura:
Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, yaron nan ya yi gaskiya, kuma ni zan ƙara a kan tasa. Ƙasashe 26 ne suka je Hague a 1899, babu ko ɗaya daga Afirka. An buɗe taron a watan Mayu. A cikin watan Mayun nan rundunar Voulet da Chanoine ta Faransa ta afka wa Birnin Konni ta yi kisan da har yau ba a manta ba, bayan ta yi artabu da Sarauniya a Lugu. Su can suna zaune suna rubuta dokar yaƙi, mu nan ana ƙona mana garuruwa. A zauren taron ma wakilin sojan Ingila ya tsaya kai da fata cewa kada a hana harsashin nan mai fashewa a jiki, wai ana buƙatarsa a yaƙi da mutanen da suke kira marasa wayewa. Shekara huɗu bayan nan, 1903, aka ci Kano da Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Wace kotu ce ta saurari ƙararmu?

Zaman lafiyar da suke nufi tsakanin junansu ne. Mu ba ma cikin lissafi.

Barista Rabi:
Nura ƙanena, abin da ka faɗa gaskiya ne, kuma akwai ma abin da ya fi shi ɗaci. Wani farfesan Edinburgh, James Lorimer, wanda yana cikin mutum 11 ɗin nan, ya raba 'yan Adam gida uku a rubuce: wayayyu, masu rabin wayewa, da waɗanda ya ce ba su waye ba sam. John Westlake na Cambridge ya rubuta cewa al'ummomin da ba su da gwamnati irin ta Turai ba su da cikakken ikon mallakar ƙasarsu a idon doka. Da irin wannan tunani aka halasta abin da aka yi mana bayan taron Berlin na 1884 zuwa 1885. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne, duk ɗalibin shari'a ya kamata ya san shi.

Inda na rabu da kai shi ne, ka tsaya a 1903. Ci gaba da karantawa. Ƙa'idar da suka shimfiɗa, cewa ƙasa da ƙasa daidai suke a gaban alƙali, ta fi su girma, kuma daga baya an juya ta a kansu. Kafin mu yi nisa kuma a gyara wani ruɗani, don na ga ana yawan cakuɗa su a zauren nan. Abin da aka kafa a 1899 sunansa kotun sasanci ta dindindin, amma a zahiri jerin sunaye ne. Kowace ƙasa ta ba da sunan masana har huɗu, masu rigima su zaɓi alƙalansu. Kotu mai alƙalai zaunannu ta fara aiki ne a 1922, sannan Kotun Duniya ta yanzu ta gaje ta a 1946, da alƙalai 15, kowane wa'adin shekara 9. Ita ƙasashe take yi wa shari'a. Waccan mai gurfanar da mutane kan laifukan yaƙi daban take, a 2002 ta fara aiki, garin ne kawai ɗaya.

Malam Habu:
Na gode Barista. Nura, batun Konni ban taɓa haɗa watannin ba sai yanzu, kuma zan faɗa wa yaran. Amma ga abin da ya fi damuna. An buɗe Fadar Zaman Lafiya a Hague a watan Agustan 1913, da dala miliyan 1.5 da attajirin Amurka Andrew Carnegie ya bayar. Asser ya rasu wata guda kafin buɗewar. Shekara ba ta cika ba yaƙi ya ɓarke. Abin takaicin, a Yulin 1914 Sabiya ta ce, a amsar wa'adin da Ostiriya ta ba ta, ta yarda a kai rigimarsu Hague, Sarkin Rasha ma ya buga wa Sarkin Jamus waya ya ce a kai can. Babu wanda ya kula. Ƙofa na nan a buɗe, aka ƙi shiga.

Barista Rabi:
Dalili shi ne ba a wajabta shigar ba, Malam. A 1899 da 1907 an yi ƙoƙarin a ce sasanci ya zama dole a wasu rigingimu, Jamus ta jagoranci masu ƙi. Har gobe haka abin yake: ba a kai ƙasa Kotun Duniya sai da yardarta, ko ta amince tun farko, ko ta sa hannu a wata yarjejeniya, ko su biyun su yarda su je tare.

Ɗan Gaya:
Salamu alaikum manya. Ni ba masani ba ne, direba ne, hanyar Dosso zuwa Malanville nake bi. Amma ina da abin cewa domin mu mun ga amfanin kotun nan da idonmu.

Akwai tsibirin Lete a tsakiyar kogin Kwara. Tun muna yara muke jin rigimarsa tsakanin Nijar da Dahome, wato Binin ta yanzu. Makiyaya na son ciyawarsa, manoma na son ƙasarsa, an sha zubar da jini. A ƙarshen 1963 abin ya kai gwamnatin Diori ta kori 'yan Dahome da ke aiki a Nijar, aka rufe iyaka. Iyayenmu sun ce lokacin an sha wuya, domin kayanmu ta Kotonu suke shigowa. Shekara kusan arba'in ana ja-in-ja. Daga baya ƙasashen biyu suka yarda su je Hague tare, ranar 12 ga Yulin 2005 aka yanke. Cikin tsibirai 25, Nijar ta samu 16 har da Lete, Binin ta samu 9. Binin ta karɓa, ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Haka aka yi da Burkina Faso a 2013.

Yaya Nura, na san Turawa ne suka zana iyakar, kuma da takardun Faransa aka yi shari'ar. Amma da a ce an ba ka zaɓi, ɗanka ya mutu a kan Lete ko wasu tsofaffi su zauna su karanta takardu, wanne za ka ɗauka?

Nura:
Ba na musun wannan, ɗan'uwa. Amma ka lura, Nijar da Binin ƙarfinsu kusan ɗaya. Kotun tana aiki ne idan talakawa biyu ke faɗa. Kawo mini inda ta tanƙwara babba.

Usman Njamena:
Zan kawo maka. Zirin Awuzu, arewacin Chadi. Libiya ta mamaye shi tun 1973, ga kuɗin mai, ga jirage, ga tankoki. An gwabza sosai, musamman a 1987. Suka kai maganar Kotun Duniya, ranar 3 ga Fabrairun 1994 kotu ta ce yankin na Chadi ne, bisa yarjejeniyar 1955 tsakanin Faransa da Libiya. Kafin ƙarshen watan Mayun shekarar Gaddafi ya kwashe sojojinsa, masu sa ido na Majalisar Ɗinkin Duniya suna tsaye. Fili ne da ya haura murabba'in kilomita 100,000.

Amma don Allah kada in yi ƙarya. Ba tsoron alƙalai ne ya fitar da shi ba. Ya sha kashi a filin daga, ga takunkumi a kansa, ya gaji. Abin da kotu ta ba shi shi ne hanyar fita ba tare da kunya ba. Shugaba ba zai iya tsayawa gaban jama'arsa ya ce na sallama wa maƙwabci ba. Amma zai iya cewa na bi hukunci. Mu 'yan Chadi da muka binne mutane a yaƙin nan mun san darajar wannan.

Malam Sabi'u:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na karanta duka, kuma ina so in gyara wani abu a tushen maganar, domin kada yaranmu su tashi da zaton cewa daga Ghent aka fara tunanin nan. Turawa suna cewa uban wannan fanni shi ne Hugo Grotius na Holan, wanda ya wallafa littafinsa kan dokar yaƙi da zaman lafiya a 1625. To shekara sama da 800 kafin nan Imam Muhammad bin Hasan Ash-Shaibani, almajirin Abu Hanifa, ya rubuta littattafan Siyar. A ciki akwai hukuncin amana ga baƙo, kariyar manzanni, cika alƙawari da abokin gaba, da yadda ake riƙe fursuna. Kuma kowa ya san labarin Hajarul Aswad. Kabilun Ƙuraishawa sun kusa zare takubba kan wanda zai ɗora dutsen, suka yarda da hukuncin wanda ya fara shigowa. Manzon Allah (SAW) ya shimfiɗa mayafi, kowace kabila ta kama gefe. Wannan shi ne tahkimi, kuma ka lura babu wanda ya tashi a kunyace, daidai da abin da Usman ya faɗa.

A ƙasarmu ma, bayan yaƙin jihadi ya isa Borno, Shehu Muhammad Al-Amin Al-Kanemi da Muhammadu Bello sun yi ta musayar wasiƙu, kowa na kawo hujjar shari'a kan halaccin yaƙin ko rashinsa. Bello ya adana wasu a Infaƙul Maisuri. Malamai biyu, littattafai ɗaya suka karanta, kowa ya san ba ya isa ya ce ƙarfi kawai ya ba shi. Abin da babu a tsakaninsu shi ne na uku da dukkansu za su miƙa wa hukunci.

Sannan ku duba aya ta 9 a Suratul Hujurat. An ce a sulhunta ɓangarori biyu da ke faɗa. Idan ɗaya ya yi zalunci, a taru a kansa har ya dawo kan hanya, sannan a sulhunta da adalci. Wato hukunci yana tafiya ne da mai zartar da shi. Nan ne nake ganin tsarin Hague ya rage.

Barista Rabi:
Allah ya ƙara ilimi, Malam. A takarda akwai mai zartarwa. Sashe na 94 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce idan ƙasa ta ƙi bin hukunci, ɗayar ta kai kuka Kwamitin Sulhu. Matsalar ita ce ƙasashe biyar na da ikon hawa kujerar naƙi. Nura ya nemi misalin babba, to ga shi, kuma ya goyi bayansa. Nikaragua ta kai ƙarar Amurka a 1984 kan dasa nakiyoyi a tashoshin ruwanta da ɗaukar nauyin 'yan tawaye. Amurka ta fice daga shari'ar. A Yunin 1986 kotu ta ce Amurka ta karya doka. Da aka kai Kwamitin Sulhu, ita Amurkar ce ta hau kujerar naƙi. Haka Sin ta yi watsi da hukuncin sasanci na 2016 a rigimarta da Filifin, haka Rasha ta yi da umarnin da kotu ta ba ta a Maris 2022 na dakatar da yaƙi a Yukiren.

Amma ka san wa ke shugabantar kotun lokacin da ta ce tana da hurumin sauraron ƙarar Nikaragua? Taslim Olawale Elias, ɗan Legas. Shi ne Antoni Janar na Najeriya a 1960, ya zama Alƙalin Alƙalai a 1972, ya shiga Kotun Duniya a 1976, ya shugabance ta daga 1982 zuwa 1985, ɗan Afirka na farko da ya hau kujerar. Shi ya jagoranci babban kwamitin taron Biyana da ya fitar da dokar yarjejeniyoyi ta 1969. Mutumin da Westlake zai ce kakanninsa ba su da ikon ƙasarsu, shi ne ya zauna a kujerar shugaba aka ce wa Amurka ta zo ta amsa. Ni wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina, kuma saboda shi na karanta shari'a.

Nura:
Anti Barista, ina girmama Elias. Amma kotun nan ce a 1966 ta kori ƙarar da Habasha da Laberiya suka kai Afirka ta Kudu kan Namibiya, bayan shekara kusan shida ana shari'a. Ƙuri'a ta zo kunnen doki, shugaban kotun, ɗan Ostireliya, ya raba gardama ya ce masu ƙara ba su da haƙƙin da za su tsaya a kai. Mulkin wariya ya ci gaba da zamansa.

Barista Rabi:
Haka aka yi, kuma ƙasashen Afirka sun ƙaurace wa kotun shekaru saboda haushin wannan. Amma abin da suka yi da haushin shi ne darasin. Sun matsa a Majalisar Ɗinkin Duniya sai da aka ƙara wa Afirka kujeru. A 1971 kotun ta ce zaman Afirka ta Kudu a Namibiya haramtacce ne. Daga baya aka samu su Kéba Mbaye na Senegal da Mohammed Bedjaoui na Aljeriya a kan kujerun. Yau Gambiya ce ta kai Myanmar ƙara a 2019 kan Rohingya, Afirka ta Kudu ce ta kai Isra'ila a Disambar 2023 kan Gaza. Ba na cewa an daina mutuwa saboda haka. Ina cewa ƙaramar ƙasa kamar Gambiya ba ta da wani zauren da za ta tsayar da wata ƙasa ta amsa tambaya in ba wannan ba.

Alhaji Mai Banda:
Salamu alaikum. 'Ya'yana, ni ban saba rubutu a nan ba, jikana ke buga mini. Na ji kuna ta kiran sunayen Turawa, babu wanda ya kira Darak, wani gari a tafkin Chadi.

Na yi shekara fiye da ashirin ina sayen banda a tsibiran tafkin Chadi ina kaiwa Doron Baga. Lokacin fari ruwa ya yi ta ja baya, masunta suka yi ta binsa, inda ya tsaya nan suka kafa bukkoki. Haka garuruwan suka tashi. Hausawa, Barebari, Shuwa, Jukunawa, kowa da kowa. Naira muke kashewa, daga Borno ake turo mana malaman makaranta da masu allura, can muke biyan haraji. Babu wanda ya taɓa nuna mana layi a kan ruwa.

Rana ɗaya a rediyo muka ji wai an yanke hukunci a Turai, garin na Kamaru ne. A ƙarshen 2003 aka sauke tuta aka ɗaga wata. Ba a yi yaƙi ba, alhamdu lillahi, ba na raina wannan. Amma ba wanda ya zo ya tambaye mu ko da sau ɗaya. Wasu suka tashi suka bar gidajen da suka gina da guminsu. Wanda ya zauna ya zama baƙo a garin da ya sare da hannunsa, sai da takarda. Ni kaina na sha tsayuwa a rana da kwandunan kifi, masu kaki na wannan gefe su karɓa, na wancan gefe su karɓa, har na haƙura da hanyar. Kuna cewa an yi adalci tsakanin ƙasa da ƙasa. To tsakanin ƙasa da talaka fa?

Malam Habu:
Allah ya ƙara girma, Baba. Wannan ita ce maganar da babu ita a littafin da nake koyarwa.

Barista Rabi:
Baba, ranka ya daɗe, ba ni da bakin musa maka. Bari dai in faɗi yadda aka kai ga haka, don matasa su gane. Najeriya ta amince da hurumin kotun tun 1965. Kamaru ta amince a farkon Maris 1994, kafin watan ya ƙare ta shigar da ƙara, bayan sojojin ƙasashen biyu sun fara arangama a Bakassi. Aka yanke ranar 10 ga Oktoban 2002. A gefen tafki, lauyoyin Najeriya sun kawo hujja irin taka: mutanenmu ne a wurin, mu ke gudanar da su. Kotu ta ce idan akwai takardar iyaka, zama a wuri ba ya soke ta, ta dogara da yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1919 da 1931. A Bakassi ta dogara da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 11 ga Maris 1913, da sanarwar Maruwa ta 1975 da Gowon da Ahidjo suka sa wa hannu. Najeriya ta ce ai a 1884 Ingila kariya kawai ta yi alƙawarin ba sarakunan Kalaba, ba ta mallaki ƙasarsu ba balle ta bayar. Kotu ta ƙi wannan hujja. Bola Ajibola, alƙalin da Najeriya ta zaɓa, da Abdul Koroma na Saliyo, sun rubuta rashin amincewarsu.

Nura, nan ne maganarka ta fi ƙarfi, domin tunanin ƙarni na 19 ne ya dawo ya yi hukunci a 2002. Sai dai mu ma da hannunmu a ciki. Shugabannin Afirka ne a Alƙahira a 1964 suka amince a bar iyakokin da aka gada yadda suke, don sun san in aka fara warwara ba za a gama ba.

Nura:
To me ya sa Obasanjo ya yarda? Sojanmu sun fi nasu, kowa ya sani. Majalisar Dattawa ma a 2007 ta ce miƙawar ta saɓa wa tsarin mulki.

Usman Njamena:
Yaya Nura, je ka tambayi Habasha da Iritiriya. Sun yi yaƙi daga 1998 zuwa 2000 kan Badme, dubban mutane suka mutu. Hukumar sasanci ta yanke a 2002, garin ya faɗa Iritiriya, Habasha ta ƙi sakinsa. Aka zauna shekara 16 sojoji na kallon juna, iyaka a rufe, iyali a rabe, sai 2018 Habasha ta ce ta karɓa. Wannan ne abin da kake so Najeriya da Kamaru su yi a kan iyakar kusan kilomita 2,000? Ka tuna Hausawa nawa ke Garwa da Maruwa da Ngaundere.

Ɗan Gaya:
Ni dai abin da na gani, Obasanjo da Biya na Kamaru sun zauna da Kofi Annan sun sa hannu a wata yarjejeniya a Greentree da ke Amurka a Yunin 2006, aka kammala miƙa Bakassi a Agustan 2008 zamanin 'Yar'aduwa. Babban ya bi hukunci alhali yana da ƙarfin ƙi. Yaya Nura, ka ce a kawo maka inda babba ya tanƙwara, ga shi a gidanku.

Nura:
Na karɓi wannan. Amma ban janye ba a kan Baba. Asser da Martens da su Elias duk sun gina tsarin da ƙasa ce kawai ke da baki. A sashe na 34 na dokar kotun an rubuta ƙarara, ƙasashe kaɗai ke iya zama masu ƙara. Masunci ba shi da kujera. Idan za a koya wa yara sunayen mutanen nan, a koya musu wannan ma.

Malam Sabi'u:
A fiƙihu ma alƙali ba ya yanke hukunci a kan wanda ba a saurara ba sai da larura. Na yarda da yaron nan a wannan gaɓar.

Alhaji Mai Banda:
Barista 'yata, tambaya ɗaya. A cikin takardar hukuncin, an ambaci mu ko ba a ambata ba?

Barista Rabi:
An ambata, Baba, amma a taƙaice. Kamaru ta yi alƙawari a gaban kotu cewa za ta ci gaba da kare 'yan Najeriya mazauna Bakassi da yankin tafkin Chadi, kotu kuma ta rubuta wannan alƙawari a cikin hukuncinta. Yarjejeniyar Greentree ta fi bayani, ta ce ba za a kori kowa ba, ba za a tilasta wa kowa sauya ƙasa ba, za a mutunta harshe da dukiya da sana'ar kamun kifi. Sai dai Bakassi kaɗai ta shafa, ku na tafki an riga an miƙa naku shekara biyu da rabi kafin ita. Kuma ko alƙawarin da ya shafe ku, gwamnatin Najeriya ce kaɗai ke da ikon bin kadinsa, ba kai ba. Damar neman a sake duba hukuncin shekara 10 ce, ta ƙare a Oktoban 2012, gwamnati ba ta nema ba.

Alhaji Mai Banda:
To. Yau shekara sama da ashirin, sai yanzu na ji an rubuta mu. Allah ya saka da alheri.

Malam Habu:
Baba, ina da roƙo. Ranar Alhamis zan sake shiga ajin nan. Zan ba su labarin Alabama da Asser da Elias, zan ba su Konni da Lete da Awuzu. Amma Darak ba ni ya kamata in faɗa ba. In jikanka zai haɗa mu a waya, in sa a lasifika su ji daga bakinka, yaron da ya yi tambayar ya yi maka tasa.

Alhaji Mai Banda:
Ba damuwa, Malam. Amma ka bari sai bayan ƙarfe goma, da safe ina zuwa kasuwa. Ka ce wa yaran su zo da taswira, zan nuna musu inda ruwan yake a da.